3 ga Agusta: Nazarin Rana Ɗaya ta Damina Daga Girka Zuwa Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Gidajen rediyo da jaridu sun saba gabatar da shirin rana kamar ta yau, inda ake jero abubuwan da suka auku a rana guda ta kalanda cikin shekaru daban-daban: yaƙi, samun 'yancin kai, gasar wasanni, haihuwar wane da rasuwar wane. Mai sauraro yakan ɗauki shirin a matsayin nishaɗi, amma akwai manyan tambayoyi na ilimin tarihi a ƙarƙashinsa. Wa ya zaɓi abin da zai shiga jerin? Da wace kalanda aka ƙirga ranar? Su waye ba sa fitowa a cikinsa ko da sau ɗaya a shekara?

Wannan nazari ya ɗauki ranar 3 ga Agusta don amsa waɗannan tambayoyi. An zaɓe ta ne saboda dalilai uku. Ita ce ranar 'yancin Jamhuriyar Nijar, inda Hausawa suka fi kowace al'umma yawa. Ita ce ranar da Najeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik, gasar da ta samo asali daga Girka. Kuma tana faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da rayuwar manomin Anka da Gummi da Bukkuyum ta rataya a kan abin da sama za ta yi. Matsayar nazarin ita ce, jerin abubuwan rana ɗaya yana bayyana waɗanda suka riƙe alƙalami suka rubuta, fiye da yadda yake bayyana muhimmancin abin da ya faru. Yammacin Zamfara yana da tarihi mai nauyi da ba ya shiga irin wannan jeri, kuma a hannun mutanensa gyaran yake.

Yadda Girkawa suka yi fama da lissafin ranaku

Girkawan dauri ba su da kalanda guda. Kowane birni yana da sunayen watanninsa da lokacin da shekararsa ke kamawa. Mutanen Atina suna kiran shekara da sunan babban jami'in da ya yi mulki a cikinta, Isparta tana da nata tsarin, sauran birane ma haka. Duk marubucin da ya so ya faɗi lokacin da wani yaƙi ya auku, ta yadda mai karatu a wani birni zai gane, sai ya sha wahala.

Wasanni ne suka fitar da su. Ana gudanar da gasar Olimfiya duk bayan shekara huɗu a tsakiyar lokacin zafi, kuma dukkan biranen Girka suna halarta. Wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masani mai suna Hippias, mutumin Elis, ya tattara sunayen waɗanda suka ci tseren gudu a gasar. Daga baya masana tarihi suka mayar da wannan jeri ma'aunin zamani, suna ƙirgawa daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda aka ce Koroibos ne ya ci tserenta. Ta haka sunan mai gudu ya zama abin da ake auna sarautu da yaƙe-yaƙe da shi, don kawai an rubuta shi a jere ba tare da tsallake ba.

Girkawa sun kuma nuna sha'awar haɗa manyan abubuwa a rana guda. Herodotus ya ruwaito cewa yaƙin Plataiya na tudu da yaƙin Mikale na gaɓar Asiya, waɗanda Girkawa suka ci Farisawa a cikinsu a shekara ta 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a rana ɗaya aka gwabza su. Masana da dama na wannan zamani suna ganin son daidaita labari ne ya haɗa ranakun biyu. Zuciyar ɗan Adam tana son ta ga hikima a cikin dacewa, shi ya sa mai nazari yake buƙatar taka-tsantsan.

Ko a zamanin kusa, kwanan wata a Girka bai zauna wuri ɗaya ba. An buɗe gasar Olamfik ta zamani ta farko a Atina a 1896, ranar da ƙasashen yammacin Turai suka rubuta 6 ga Afrilu, su kuwa masu masaukin suka rubuta 25 ga Maris, ranar tunawa da yaƙin 'yancinsu, domin a lokacin tsohuwar kalandar Juliyas suke bi. Sai a 1923 gwamnatin Girka ta koma kalandar da muke amfani da ita yau, aka kwana 15 ga Fabrairu aka wayi gari 1 ga Maris. Wannan ya isa ya nuna cewa kwanan wata yarjejeniya ce ta mutane.

1960: ranar da Yamai ta ɗaga tuta

Ranar Laraba 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani ya ayyana 'yancin Nijar daga Faransa. Shugabanni ne suka zauna suka tsara ranar. Ƙasashe huɗu da ke cikin ƙawance guda sun jera bukukuwansu kwana bibbiyu tsakani: Dahomey ranar 1 ga wata, Nijar ranar 3, Upper Volta ranar 5, Kwaddibuwa ranar 7. Gwagwarmayar da ta yanke makomar ƙasar kuwa ta riga ta auku tun ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, lokacin da Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka nemi a ƙi tayin Janar de Gaulle a karɓi 'yanci nan take. Suka sha kaye, aka haramta jam'iyyar a 1959. Wanda ya karanta layi ɗaya da jerin rana ke bai wa 3 ga Agusta ba zai san da wannan ba.

Ga mutumin yammacin Zamfara, ranar tana da wata ma'ana da ta wuce bikin maƙwabta. Tarihin Zamfara da na Gobir a sarƙe suke. A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara suka kafa Alkalawa, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka a farkon ƙarni na 19. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Gobirawan da ba su miƙa wuya ba suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906 ne suka shata layi a tsakiyar wannan ƙasa. Ranar 3 ga Agusta 1960 layin ya tashi daga iyakar Turawa biyu ya zama iyakar ƙasa mai cin gashin kanta. A ranar, Anka da Gummi da Bukkuyum suna ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, saura kwana 59 Najeriya ta karɓi nata 'yancin.

Ma'anar ranar ta ci gaba da sauyawa. Bayan fari da yunwar farkon shekarun 1970, da juyin mulkin da Seyni Kountché ya yi wa Diori a Afrilun 1974, an mayar da ita ranar dashen itatuwa tun daga 1975. Wannan shawara ta dace da yanayi, domin a Agusta ƙasa ta jiƙe, dashe yana kamawa. A 2023 kuma, kwana takwas bayan sojoji sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, a ranar 3 ga Agusta ne suka sanar da soke yarjejeniyoyin soja da Faransa, a ranar ne kuma tawagar ECOWAS ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, tare da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, ta sauka Yamai. Rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin ya taɓa fataucin dabbobi da hatsi a kasuwannin Arewa. Game da soke yarjejeniyoyin, da alama masu mulki ne suka nemi ranar don su aro nauyinta.

1996: zinare a wani gari mai suna Atina

Gasar Olamfik ta 1996 ita ce ta cika shekara ɗari da farfaɗo da wasannin. Girkawa sun nemi a ba su ita a Atina, amma a ƙuri'ar 1990 birnin Atlanta na Amurka ya yi rinjaye. Duk da haka, wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa an buga shi ne a filin Sanford da ke wani garin jami'a a jihar Jojiya, wanda aka raɗa wa sunan Atina.

Najeriya ta isa wannan wasa a lokacin da take saniyar ware. An dakatar da ita daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila bayan rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa a Nuwamban 1995, gwamnatin Janar Sani Abacha kuma ta janye 'yan wasanta daga gasar cin kofin Afirka da aka yi a Afirka ta Kudu a farkon 1996. Ranar 31 ga Yuli, a wasan kusa da na ƙarshe, Birazil tana gaba da ci 3 da 1, Najeriya ta farke, Nwankwo Kanu ya ci ta ukun ana gab da tashi, ya kuma ci ta huɗun da ta rufe wasan a ƙarin lokaci. Ranar 2 ga Agusta Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12 ta ci zinare.

Ranar Asabar 3 ga Agusta, da dare agogon Najeriya, aka kara da Ajantina a gaban 'yan kallo sama da dubu 86. Claudio López ya fara ci tun minti na 3, Celestine Babayaro ya rama da ka. Hernán Crespo ya ci bugun daga kai sai mai tsaron gida bayan hutun rabin lokaci, Daniel Amokachi ya sake ramawa. Ana dab da busa tashi, 'yan bayan Ajantina suka matso gaba don kafa tarkon satar gida, tarkon bai kama ba, Emmanuel Amunike ya jefa ta uku. Wannan ne karo na farko da wata ƙasar Afirka ta ci zinaren ƙwallon ƙafa a Olamfik. Shekara 60 cif kafin nan, ranar 3 ga Agusta 1936, Jesse Owens ya ci tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Balin, zamanin Hitler.

Akwai abin lura ga mai karatu na Arewa. Babayaro da Amokachi da abokan wasansu Tijjani Babangida da Garba Lawal duk a Kaduna suka taso, garin da ke da filaye da ƙungiyoyi irin su Ranchers Bees da masu horarwa da 'yan jarida. Baiwa tana ko'ina, amma sai inda aka tanadi gasa mai tsari da rajista take fitowa fili. Kokawa da dambe da ake yi da kaka a ƙasar Zamfara da Sakkwato sun fitar da gwanaye, makaɗa sun wasa su, sai dai babu wanda ya yi musu aikin da Hippias ya yi wa 'yan tseren Olimfiya. Nijar ta kama hanya tun 1975 da gasar kokawa ta ƙasa da ake ba zakaranta takobi, kuma ana iya jero zakarunta shekara bayan shekara.

A daren da aka ci zinaren, Anka da Gummi da Bukkuyum suna cikin Jihar Sakkwato. Bayan kwana 59, ranar 1 ga Oktoba 1996, aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Tazarar ta zo daidai da ta 1960, amma dacewar lissafi ce kawai, domin gwamnatin soja ta ajiye sanarwar ne ga ranar bikin 'yanci. Irin wannan dacewa ce ta ja hankalin Herodotus, kuma aikin mai nazari shi ne ya rarrabe tsakanin abin da ya haddasa wani abu da abin da ya zo tare da shi kawai.

Fitattun mutane: ranar rasuwa da ranar haihuwa

Kowane jerin rana yana ƙarewa da sunayen waɗanda aka haifa da waɗanda suka rasu. A 3 ga Agusta 1977 Makarios na Uku ya rasu, babban limamin cocin Girkawan Kubrus kuma shugaban tsibirin na farko, wanda ƙasarsa ta sami 'yanci daga Ingila ranar 16 ga Agusta 1960, kwana 13 bayan Nijar. Ranar rasuwarsa tabbatacciya ce. Habib Bourguiba, shugaban Tunisiya na farko, hukuma ta ajiye 3 ga Agusta 1903 a matsayin ranar haihuwarsa, an kuma daɗe ana bikinta a ƙasar, amma marubuta tarihinsa sun yi saɓani a kan shekarar.

Irin wannan bambanci ya fi fitowa a rayuwar ɗan Gummi da ya fi kowa shahara, Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. An san ya zama Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa a 1962, an san ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, an san tarjamarsa ta ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa da tafsirinsa Raddul Azhan, an kuma san ya rasu a Landan ranar 11 ga Satumba 1992. Haihuwarsa kuwa wasu littattafai sun ce 1922, wasu 1924, alhali ɗan gidan ilimi ne, mahaifinsa Malam Mahmud alƙali ne a Gummi. Dalilin a fili yake. Ranar da mutum ya rasu duniya ta riga ta san shi, ranar da aka haife shi kuwa jariri ne a ɗakin mahaifiyarsa. Idan shekarar haihuwar ɗan alƙali ta zama abin saɓani, ana iya kwatanta halin 'ya'yan manoma da makiyaya na zamaninsa.

Kalanda uku a gona ɗaya

Rashin rubuta kwanan wata ba ya nufin mutanen wannan yanki ba sa lissafin lokaci. Suna yi, da ma'auni uku a lokaci guda.

Na farko shi ne kalandar Hijira, wadda ke tafiyar da ibada da aure da suna da takaba. Da yake shekararta ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, rana ɗaya ta Miladiyya tana yawo cikin watanninta. 3 ga Agusta 1960 ta faɗo cikin Safar 1380, ta 1996 cikin Rabi'ul Awwal 1417, kwanaki kaɗan bayan Mauludi, ta 2023 kuma cikin Muharram 1445. Dattijon da ya tuna wani abu da cewa bayan Mauludi aka yi shi, gaskiyarsa ce, amma ranar tunawarsa ba za ta sake haɗuwa da ta kalandar ofis ba sai bayan shekaru 33.

Na biyu shi ne lissafin taurari da malamai da tsofaffin manoma ke yi. An raba shekara zuwa taurari 28, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365. Bakwai daga ciki na damina ne: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasra, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Da su ake gane lokacin da shuka ke kamawa da lokacin da ta makara. Wannan kalandar rana ce cikakkiya, kuma ta riga zuwan Turawa.

Na uku shi ne aikin gona kansa. A farkon Agusta, a kwarin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, marka ta kankama. An gama noman farko, ana maimai ko huɗa. Gero ya fara bunni, dawa da maiwa suna da sauran tafiya. Rumbu ya yi ƙasa, mudu ya yi tsada, maigida yana auna abin da ya rage da kwanakin da suka saura kafin yara su fara gasa tumu. Sauro ya yawaita, zazzaɓi yana kwantar da ƙananan yara, hanyoyin ƙauye sun yanke, gulbi ya kawo har sai da kwale-kwale ake zuwa gonar ƙetare.

Sunaye ma suna ɗauke da lissafi. Asabe da Ɗanladi da Talatu da Balarabe suna faɗar ranar mako, Azumi da Sallau suna faɗar wata, Marka da Anaruwa da Nomau da Citumu suna faɗar yanayi. Shekaru kuma ana kiransu da abin da ya faru a cikinsu, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940. Wannan tsari yana da wadata, amma yana da rauni guda: a bakin mutane yake, idan masu shi suka shuɗe sai jerin ya tsinke.

Abubuwan da ba su da rana

Babban abin da ya sa duniya ta ji sunan Anka da Bukkuyum a wannan ƙarni ba shi da rana guda. Bayan tashin farashin zinare, mazauna ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, suka duƙufa haƙar ma'adini. Dutsen da suke haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gari, a farfasa, a niƙa da injin niƙa, a wanke, a shanya a tsakar gida inda ake girki, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Ƙurar ta shiga ƙasa da abinci da ruwa. Yara suka fara farfaɗiya suna mutuwa, iyaye suna ɗauka zazzaɓi ne ko sanƙarau.

A watan Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mace-macen. An kiyasta fiye da yara 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci maganin da ke fitar da dalma daga jini. Aikin tsaftace ƙauyukan ya ƙunshi kankare saman ƙasar kowane gida, a kwashe a binne, a zubo sabuwa. Bagega ta jira har 2013 kafin a saki kuɗin nata aikin, bayan matsin lambar ƙungiyoyin farar hula. Wace rana za a ajiye wa wannan musiba? Yaran sun tafi ɗaya bayan ɗaya, a watanni daban-daban, yawancinsu ba su da takardar haihuwa balle ta mutuwa. Jerin rana an gina shi ne don abin da ke faruwa farat ɗaya. Guba da yunwa da ƙaura da zaizayar ƙasa a hankali suke cin mutane, shi ya sa suke zillewa.

Ko abin da ke da rana ma, adadinsa yakan ɓace. Hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum daga 4 zuwa 6 ga Janairu 2022 misali ne: gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai kimanin 200. Haka aka sami alƙaluma mabambanta bayan kifewar kwale-kwalen manoma a Gummi ranar Asabar 14 ga Satumba 2024. An san mintin da kowace ƙwallo ta shiga raga a daren 3 ga Agusta 1996, amma yawan waɗanda aka yi wa jana'iza a ƙauyukanmu yana nan tsakanin adadi biyu. Wannan giɓi yana da illa a aikace, domin diyya da agaji da shari'a da kasafin kuɗi duk da rubutaccen adadi suke aiki.

Gadon da ake da shi

Rubuta kwanan wata ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Malaman jihadi sun kiyaye shi ƙwarai. An san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu ranar 10 ga Zulƙida 1218, daidai da 21 ga Fabrairu 1804, an san yaƙin Tafkin Kwatto ya auku ranar Alhamis 12 ga Rabi'ul Awwal 1219, daidai da 21 ga Yuni 1804. Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙat na Abdullahin Gwandu sun adana jerin abubuwan da suka faru, har da zaman jama'a a Sabon Gari ta ƙasar Zamfara a 1805. Mawallafa irin su Nana Asma'u sukan rufe waƙa da ramzi, wato haruffan da ke nuna shekarar da aka yi ta. Tun kafin su, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kafa lissafin Hijira saboda takardun mulki sun fara rikicewa.

Farfaɗo da wannan gado ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Limamin da ke raɗa suna da wanda ke sallar jana'iza za su iya riƙe littafi guda, su rubuta suna da rana da kalandar Hijira da ta Miladiyya. Dagatai da masu unguwanni za su iya miƙa nasu ga fadojin Anka da Gummi da Bukkuyum duk ƙarshen shekara, a haɗa da rajistar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta wajabta yi wa haihuwa da mutuwa. Malaman gona za su iya rubuta ranar ruwan shuka da ranar da gulbi ya yi ambaliya. Masu shirya kokawa da dambe da gasar ƙwallon unguwanni za su iya ajiye sunayen zakaru. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su iya zama da dattawa su daidaita shekarun da ake kira da suna da shekarun kalanda, su gwama da takardun gundumomi da ke Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna da Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato.

Kammalawa

Nazarin 3 ga Agusta ya nuna abubuwa uku. Na ɗaya, ranakun tarihi iri-iri ne: akwai waɗanda masu mulki suka zaɓa, kamar ta 1960 da ta 2023, akwai waɗanda jadawalin gasa ya kawo, kamar ta 1936 da ta 1996, akwai kuma waɗanda ajali ya kawo. Haɗuwarsu a layi ɗaya ba hujja ba ce ta alaƙa. Na biyu, kowace rana tana da sunaye da yawa gwargwadon kalandar mai ƙirga ta, kuma manomin yammacin Zamfara yana aiki da uku. Na uku, al'ummar da ta rubuta ita ce ke bayyana a tarihi da sunayenta da adadinta. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranakun Anka da Gummi da Bukkuyum sun zo da abin farin ciki da na baƙin ciki kamar na kowa, kuma nauyin rubuta su yana kan malamai da sarakuna da 'yan bokon yankin, tun waɗanda suka shaida su suna raye.